Rayuwa bayan cire babban hanji

Idan gyambon babban hanji ya ƙi jin magani, likitoci kan cire hanjin, su naɗe ƙarshen ƙaramin hanji ya zama 'yar jaka, su haɗa ta da dubura. Alan Parks da John Nicholls suka bayyana aikin a Landan a 1978.

Bayan aikin, majinyaci kan zagaya kamar sau shida a rana, har da tashin dare. Kusan rabin masu gyambon da aka yi wa aikin kan yi fama da kumburin jakar, da gudawa da murɗar ciki, amma maganin kashe ƙwayoyin cuta kan kwantar da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne mata, domin tabon tiyatar na iya toshe bututun mahaifa. Mai son haihuwa ta tattauna da likitanta tun kafin a yi aikin.