Hattara da Masu Musun Kisan Ƙare Dangin Tutsi

Jama'a, a yi hattara! Duk shekara idan 7 ga Afrilu ta gabato, ranar da Ruwanda ke shiga makokin da suke kira Kwibuka, su ma masu musun abin da ya faru a 1994 sai su yunƙuro. Ba za su ce maka ba a kashe kowa ba, sun fi ƙarfin wannan wauta. Cewa za su yi faɗan ƙabilanci ne, kowa ya taɓa kowa. Ko su ce fushin talakawa ne ya ɓarke bayan an harbo jirgin Shugaba Habyarimana a daren 6 ga Afrilu. Duk wanda irin wannan bidiyo ko saƙon murya ya faɗo wa a waya, don girman Allah kada ya tura wa kowa.

Shiryayyen kisa ne. Tun a Disambar 1990 jaridar Kangura ta buga abin da ta kira dokoki goma na Hutu, ta ce duk ɗan Hutun da ya auri 'yar Tutsi maci amana ne. Aka horas da matasan Hutu 'yan ƙungiyar Interahamwe, aka rubuta sunayen mutane. Ranar 11 ga Janairun 1994, Janar Roméo Dallaire, kwamandan dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya a Kigali, ya aika wa shugabanninsa a New York labarin makaman da aka ɓoye da shirin hallaka 'yan Tutsi. Aka hana shi kai samame. A lokacin saura kusan wata uku jirgin nan ya faɗi.

Cikin kwana ɗari aka kashe kimanin mutum 800,000 a ƙiyasin Majalisar, gwamnatin Ruwanda kuwa ta ce sun haura miliyan. A shingen hanya katin shaida ake karɓa, a duba ƙabilar da aka rubuta, tsarin da aka gada daga Turawan Beljiyam, sannan a ɗaga adda. A Murambi hukumomi ne da kansu suka ce wa mutane su taru a makarantar koyon sana'a za a kare su. Aka yanke musu ruwa har suka galabaita, aka afka musu da asubahin 21 ga Afrilu. A wannan ranar ce Kwamitin Sulhu ya rage dakarunsa zuwa 270. A cocin Nyamata har yau tufafin waɗanda aka kashe suna nan, rufin kwanon duk huji. Wannan shi ne faɗan da ake cewa kowa ya taɓa kowa?

Gaskiya ne an kashe 'yan Hutu da suka ƙi ba da haɗin kai, irin su Firaminista Agathe Uwilingiyimana. Gaskiya ne kuma akwai kashe-kashen da ake tuhumar mayaƙan RPF, 'yan tawayen da akasarinsu Tutsi ne, da su, kuma waɗannan mamatan ma suna da haƙƙi. Amma mai ɗauko wannan don ya binne wancan, ba adalci yake nema ba.

Ku ma'aikatan rediyo, da malamai masu hawa mumbari, da masu dubban mabiya a Facebook da TikTok, gargaɗin nan ya fi shafarku, domin mu Hausawa mutanen rediyo ne, abin da muka ji a akwati muna ɗaukarsa da nauyi. Gidan rediyon RTLM da kiɗa da barkwanci ya ja matasa, yana kiran 'yan Tutsi kyankyasai, daga baya ya koma karanto sunaye da wuraren da mutane suka ɓuya. A 2003 kotun duniya da ke Arusha ta samu Ferdinand Nahimana na RTLM da Hassan Ngeze na Kangura da laifi, ta ɗaure su.

Kada ku ba mai musun wannan kisa fili da sunan jin ta bakin kowane ɓangare. Idan baƙo a shirinku ya fara kiran wata al'umma da sunan ƙwari ko dabbobi, ku katse shi nan take. Wanda kuma ya turo muku saƙon musu, ku tambaye shi a gaban jama'a: wa ya yanke ruwan Murambi?