Gigin Tsufa: Abin Da Likita Ke Son Ji Daga Gare Ku

A aikina na jinya na lura sauyin hali ne ya fi sa iyali su kawo tsohonsu asibiti. Inna ta daina hira, ko Baba ya dage an sace masa kuɗi alhali suna ƙarƙashin matashinsa. Gigin tsufa ciwon ƙwaƙwalwa ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi.

Alamomin kan sauya yayin da ciwon ke nisa. Da farko akwai damuwa, fargaba da janye jiki daga mutane. A tsakiya zargi da faɗa su ƙaru, tsoho ya rikice da almuru, ya fita ya kasa gane hanyar gida. Daga ƙarshe magana ta ragu, sai nishi da ƙin abinci.

Don auna alamomin, likitoci na amfani da jerin tambayoyi mai suna NPI, wanda Dakta Jeffrey Cummings ya fitar a 1994. Yanzu ya ƙunshi fannoni 12, har da barci da cin abinci. Mai kula da tsohon ake tambaya: sau nawa abin ke faruwa, yaya tsananinsa, kuma yaya yake damun ku?

Idan rikicewar ta zo farat ɗaya, a garzaya asibiti, domin ciwon mafitsara ko zazzaɓi na iya jawo ta. Ku riƙa rubuta abin da kuka gani da lokacinsa. Kada ku ɗaure tsoho, kada ku kira shi maye. Haƙurinku da kulawarku yake buƙata.