Hannun da Ke Sa Tsirkiya Magana: Sana'ar Makaɗan Jita a Blues da Rock

A kiɗan blues da rock, tun kafin a ga fuskar gwanin jita ake gane shi. Wanda ya saba sauraron B.B. King ba sai an faɗa masa mai kiɗan ba. Da tsirkiya ta yi kuka sau ɗaya, ta ɗan yi karkarwa a ƙarshe, ya san hannun. Wannan hannu shi ne jarin sana'ar. Jita dai a kasuwa ake sayenta, tsirkiya shida gare ta, amma abin da za ta faɗa yana ga yatsun da suka riƙe ta, da shekarun da suka kwashe suna koyo, da maigidan da aka koya a wurinsa.

A kudancin Amurka sana'ar ta tsiru, musamman yankin Delta na jihar Misisifi, ƙasar auduga, cikin baƙar fata jikokin bayi da ke noman kashi-mu-raba a gonakin Turawa. Yara da yawa a can ba da jita suka fara ba. Waya ɗaya suke warwarowa daga jikin tsintsiya, su ɗaure ta da ƙusa biyu a bangon katako, su riƙa kaɗa ta suna goga mata kwalba. Duk wanda ya ji abin da Ɗan Maraya Jos ke fitarwa daga kuntigi ya san tsirkiya ɗaya ta isa gwani ya yi zance. Mawallafin kiɗa W.C. Handy ya ba da labarin cewa wajen 1903, a tashar jirgin ƙasa ta Tutwiler, ya ji wani mutum yana waƙa yana goga wuƙa a kan tsirkiyoyin jita, kuma bai taɓa jin sauti irinsa ba.

Wuƙar nan tana da dalili, kuma dalilin shi ne tushen sana'ar baki ɗaya. A wuyan jita akwai ƙananan ƙarafa da aka gitta, kowane ɗaya yana ba da sauti guda tsayayye. Muryar mawaƙin blues kuwa ba ta tsayawa a kan waɗannan matakai. Tana zamewa, tana lanƙwasa, tana faɗawa tsakaninsu. Dole makaɗi ya nemo hanyar da jita za ta bi murya. Dabara ta farko ita ce a zura wuyan kwalba ko guntun bututu a yatsa, a riƙa zamar da shi a kan tsirkiya. Ta biyu, a danne tsirkiya a tura ta gefe har sautinta ya hau sama. Ta uku, a girgiza yatsa domin sautin ya yi karkarwa. Kusan duk abin da manyan makaɗa suka yi daga baya, a kan waɗannan uku aka gina shi.

Koyon sana'ar da kunne da ido ake yi, ba da takarda ba. Charley Patton, wanda ya zauna a gonar Dockery ya rasu a 1934, shi ne babban maigida na farko a Delta, kuma a wurinsa Howlin' Wolf ya ɗauki darasi. Son House ya zama abin koyi ga Robert Johnson da Muddy Waters. An ce Johnson yana yaro bai iya komai ba, ya ɓace na wani lokaci, ya dawo da hannun da ya ba kowa mamaki, har aka riƙa yaɗa cewa da Shaiɗan ya ƙulla ciniki a mararrabar hanya. Abin da bincike ya nuna ya fi wannan sauƙi: ya tare ne a wurin wani makaɗi mai suna Ike Zimmerman, yana koyo dare da rana. Waƙoƙi 29 kacal ya ɗauka a faifai, a 1936 da 1937, ya rasu a 1938 yana ɗan shekara 27. Yakan riƙe bugun ƙasa da babban yatsa, sauran yatsun suna amsa waƙa, har mai sauraro ya zaci mutum biyu ne ke kiɗa.

Da baƙar fata suka yi ta ƙaura zuwa biranen arewa neman aikin masana'antu, kiɗan ya bi su. Muddy Waters ya isa Shikago a 1943, ya tarar jitar katako ba ta da ƙarfin ratsa hayaniyar gidajen rawa. Wutar lantarki ce ta kawo mafita. Ana sa maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla a ƙarƙashin tsirkiyoyi, ya mayar da motsinsu lantarki, ya aika wa na'urar ƙara sauti. Leo Fender, mai gyaran rediyo wanda shi kansa ba makaɗi ba ne, ya fito da jitar Stratocaster a 1954, shekara biyu bayan kamfanin Gibson ya fito da Les Paul. Har gobe waɗannan biyu su ne manyan kayan aikin sana'ar. Lantarki bai tsaya ga ƙara amo ba. Ya sa sauti ɗaya yana daɗewa bai mutu ba, makaɗi ya samu damar jan sa yadda mawaƙi ke jan numfashi.

T-Bone Walker na Teksas yana cikin na farko da suka tsaya a gaban makaɗa da jitar lantarki suna kaɗa sauti ɗaya bayan ɗaya kamar mai busa. Sister Rosetta Tharpe, mawaƙiyar coci, ta riƙa dukan jita da ƙarfi da zafin nama tun shekarun 1940, kafin a raɗa wa rock suna. Sai a 2018 aka sa ta a zauren girmama taurarin rock, shekara 45 bayan rasuwarta. Chuck Berry ya ɗauki salon Walker ya ƙara masa sauri, yana dukan tsirkiya biyu a tare. Buɗewar waƙarsa "Johnny B. Goode" ta 1958 ta zama karatun farko ga ɗaliban jita, kuma tana cikin faifan da aka liƙa wa kumbon Voyager aka harba sararin samaniya a 1977.

B.B. King ya bi wata hanya dabam. Bai damu da yawan sauti ba. Yakan yi waƙa jita ta yi shiru, ya yi shiru jita ta amsa, sannan ya karkaɗa hannun hagu tun daga wuyan hannu har sautin ya yi rawa. Ya raɗa wa jitarsa suna Lucille bayan wata gobara a gidan rawa a garin Twist na Arkansas, inda ya koma cikin wuta ya ɗauko ta, daga baya ya ji cewa a kan wata mata mai wannan suna aka yi faɗan da ya haddasa gobarar. A shekarar 1956 kaɗai ya yi wasa sau 342. Haka sana'ar take ga masu ita: mota, hanya, ɗakin kwana na haya, da dokar wariyar launin fata da ta hana su shiga otal-otal da gidajen abinci da yawa a garuruwan da suke kiɗa.

Abin ya tsallaka teku ta hanyar faifan garmaho. Samarin Ingila na farkon shekarun 1960 sun riƙa farautar faya-fayan kamfanin Chess na Shikago, suna ɗaga allura suna mayarwa baya, suna maimaita gaɓa ɗaya har yatsu su yi kanta. Ƙungiyar Rolling Stones daga wata waƙar Muddy Waters ta samo sunanta, makaɗin jitarta Keith Richards kuma a kan hannun Chuck Berry ya ginu. Ƙungiyar Yardbirds ita kaɗai ta yaye Eric Clapton da Jeff Beck da Jimmy Page. A faifan da Clapton ya yi da John Mayall a 1966, ya haɗa jitar Les Paul da na'urar Marshall ya murɗa ta har ƙarshe, sautin ya yi kauri yana gurnani. Abin da injiniyoyi ke ɗauka a matsayin lalacewar sauti, makaɗan rock suka mayar da shi ado.

A watan Satumba na 1966 Jimi Hendrix ya sauka a Landan. Haifaffen Seattle ne, ya yi shekaru yana yaron kiɗa a bayan Little Richard da Isley Brothers, yana cin wuya a hanya kamar magabatansa. Bahago ne, sai ya juya jitar na-dama ya sake jera mata tsirkiyoyi. Yana da dogayen yatsu, yakan zagayo da babban yatsa ta saman wuyan jita ya danne tsirkiyar ƙasa, sauran yatsun su samu sukunin yin ado, ta haka yake haɗa aikin mai riƙe kiɗa da na mai jan gaba a hannu ɗaya. Ƙugin da ke tashi idan jita ta matso kusa da lasifika, wanda kowa ke gudu, shi ya koyi sarrafa shi, yana matsawa gaba da baya har ƙugin ya bi sautin da yake so. A bikin Woodstock na 1969, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, ya kaɗa taken Amurka ya cusa masa ƙarar da mutane da yawa suka ji kamar ta bama-bamai da jiniya. Ya rasu ranar 18 ga Satumba 1970 yana da shekara 27, shekara huɗu kacal bayan isarsa Landan. A ganina babu wanda ya faɗaɗa sana'ar kamarsa, domin ya nuna cewa na'urar ƙara sauti ita ma abin kaɗawa ce.

Wani abin lura shi ne yawancin salon da ake kwaikwayo a yau daga matsi ya fito. Albert King bahago ne shi ma, amma bai sake jera tsirkiyoyi ba. A kife yake kaɗa jitarsa, yana jan tsirkiya ƙasa maimakon tura ta sama, abin da ya ba shi lanƙwasa mai faɗi da Stevie Ray Vaughan ya gada. Tony Iommi na Black Sabbath yana ɗan shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu a wata masana'anta a Birmingham. Ya ƙera wa yatsun hula da roba, ya koma amfani da siraran tsirkiyoyi, daga baya ya sassauta ɗaurinsu domin rage zafi. Sautin ya yi ƙasa ya yi nauyi, kuma a kansa kiɗan heavy metal ya kafu. Eddie Van Halen bai samu jitar da ta yi masa a kasuwa ba, sai ya harhaɗa tasa da kansa. A 1978 ya yaɗa dabarar ƙwanƙwasa tsirkiya a wuyan jita da yatsun hannu biyu, kuma shi ne ya kaɗa jitar tsakiyar "Beat It" ta Michael Jackson.

Ribar sana'ar ba a raba ta daidai ba. Da "Maybellene" ta fito a 1955, Chuck Berry ya tarar an ƙara sunayen mutum biyu a matsayin marubutanta, ciki har da mai gabatar da shirin rediyo Alan Freed, suna cin rabo daga guminsa. Marubucin waƙoƙin blues Willie Dixon sai da ya kai ƙungiyar Led Zeppelin kotu a 1985 kafin a sasanta, sunansa ya hau waƙar da aka ɗebo daga tasa. Son House ya bar kiɗa ya yi shekaru yana aiki a kamfanin jirgin ƙasa, sai a 1964 wasu matasa masu son blues suka nemo shi. Ya kamata a yaba wa irin su Rolling Stones da Clapton da suka riƙa ambaton iyayen gidansu suna hawa dandamali tare da su, amma filayen wasa da manyan kuɗi sun fi zuwa ga almajirai. Jiki ma yana biyan nasa: Pete Townshend na ƙungiyar The Who ya daɗe yana fama da matsalar ji saboda amon lasifika.

Sana'ar ta samu sabon gida a Sahel. Ali Farka Touré na Niafunké a Mali ya ci kyautar Grammy da faifan da ya yi da Ry Cooder a 1994, kuma ya tsaya a kan cewa kiɗansa na gida ne, ba aro ba. A Nijar, Abdallah Oumbadougou ya buɗe wa Abzinawa hanyar jita. Bombino na Agadez ya koyi wasu dabaru daga bidiyon Hendrix da Mark Knopfler lokacin da yake zaman hijira, ya ɗora su a kan kiɗan mutanensa. Mdou Moctar, bahago, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko; waƙoƙinsa sun fara yawo ne daga waya zuwa waya, a gidajen biki ya goge, yanzu kuma yana wasa a Turai da Amurka.

Yau yaro mai wayar hannu yana iya kallon yatsun kowane gwani, ya rage gudun bidiyo, ya kwafe gaɓa cikin mako guda. Wannan alheri ne, kuma masu sauri sun yi yawa fiye da kowane zamani. Abin da bidiyo ba ya bayarwa shi ne sanin inda za a yi shiru, da yadda ake amsa wa mawaƙi, da karanta jama'ar da suka zo rawa; waɗannan sai a fagen wasa ake samunsu, tare da manya. Duk mai son shiga sana'ar, ya bi salsalar gwanin da yake so: daga Van Halen ya koma Clapton, daga Clapton ya koma Freddie King da B.B. King, daga su ya isa T-Bone Walker. Ya koyi abin da kowanne ya ƙara, ya ambaci sunansa idan ya ara, sannan ya nemi abin da shi zai ƙara.