Shirin Musamman: Ribar Haɗa Ma'aikata Iri-Iri

Shirin namu na yau ya shafi duk mai ɗaukar ma'aikata, daga mai kanti har mai masana'anta: me kamfani ke samu idan ya haɗa maza da mata, da masu harshe da launin fata daban-daban, suna aiki tare?

Bari mu fara da Amurka ta shekarun 1940. Baƙaƙen fatar ƙasar sun haura miliyan 13 a lokacin, suna saye suna sayarwa, amma manyan kamfanoni ba su ɗauke su a bakin komai ba. In ma an sa baƙar fata a talla, to bara ne ko kuku, ko kuma abin dariya. Shugaban kamfanin Pepsi-Cola, Walter Mack, wanda ke ta fafutukar kamo ƙafar Coca-Cola, ya hango kasuwar da sauran suka yi wa riƙon sakainar kashi. A 1947 ya ɗauki Edward Boyd, ya damƙa masa jagorancin wata tawagar masu tallata haja, dukkansu baƙaƙen fata.

Sun sha wuya. A jihohin kudu dokokin wariya na nan daram: taragonsu daban a jirgin ƙasa, otal-otal na hana su ɗaki, sai su nemi masauki a gidajen jama'a. Amma sun shiga inda abokan aikinsu fararen fata ba su taɓa leƙawa ba, wato coci-coci, jami'o'in baƙaƙen fata, ƙungiyoyin mata da ƙananan kantunan unguwa. Sun kuma sauya salon talla. Suka riƙa nuna iyalai cikin shiga ta mutunci, da fitattun mutane irin su Ralph Bunche, wanda ya samu lambar Nobel ta zaman lafiya a 1950. Wani ɗan yaro da aka nuna yana miƙa hannu ga kwalbar lemo, Ron Brown, shi ne ya zama sakataren kasuwancin Amurka a 1993.

Ciniki ya ƙaru a garuruwan da tawagar ta zaga. Ɗaya daga cikinsu, Harvey Russell, ya kai ga muƙamin mataimakin shugaban kamfanin a 1962. Abin da suka kawo wa Pepsi shi ne sanin mutanensu: ƙofar da za a buga, da kalmar da za a faɗa, da wadda za a kiyaye.

Rashin irin wannan ido kuwa asara yake jawowa. A 2014 kamfanin Apple ya fito da manhajar kula da lafiya mai ƙirga taku da bugun zuciya, amma babu wurin lissafin al'adar mata, sai a 2015 aka gyara bayan an yi ta suka. A 2018 kuma Joy Buolamwini, 'yar asalin Ghana mai bincike a jami'ar MIT, tare da Timnit Gebru, sun gwada manhajojin tantance fuska na IBM da Microsoft da Face++. Kuskure a kan maza masu hasken fata bai kai kashi 1 cikin 100 ba, amma a kan mata masu duhun fata ya kusa kashi 35 a wata manhajar. Dole kamfanonin suka koma suka yi gyara.

To ko alƙaluma sun tabbatar da ribar? Kamfanin ba da shawara na McKinsey ya duba kamfanoni fiye da 1,000 a ƙasashe 15, ya kuma bayyana a 2020 cewa waɗanda suka fi haɗa maza da mata a shugabanci sun fi damar zarce takwarorinsu a riba da kashi 25, waɗanda suka fi haɗa ƙabilu kuma da kashi 36. Sai dai a 2024 wasu malaman jami'a biyu, Jeremiah Green da John Hand, sun gwada lissafin a kan manyan kamfanonin Amurka 500, ba su ga wannan alaƙa ba. Ke nan cika ofis da fuskoki iri-iri kaɗai ba ya kawo kuɗi. Tawagar Boyd ma ta yi tasiri ne saboda Mack ya ba ta dama ta tsara aikinta, kuma da ya bar kamfanin ba ta daɗe ba ta watse.

A Nijeriya, Babban Banki da shugabannin bankuna sun amince a 2012 cewa mata su samu kashi 30 na kujerun hukumomin gudanarwa, da kashi 40 na manyan muƙamai. Hujjar a fili take a Kano ko Sakkwato, inda matan aure da yawa ke sana'a a cikin gida: ma'aikaciya mace na iya yin sallama ta shiga har ɗaki ta buɗe musu asusu, namiji kuwa iyakarsa zaure. Haka nan a ƙasa mai harsuna sama da 500, ma'aikacin da ke jin harshen mai saye ne ke fara jin kokensa.

Don haka masu kamfanoni da 'yan kasuwa, ku dubi masu sayen kayanku, sannan ku dubi waɗanda kuke zama da su wajen yanke shawara. In babu mai kama da su a wurin, ku ɗauko shi, ku kuma saurare shi in ya yi magana.