Jami'ar da ta kwashe littattafai daga laburarenta don ɗalibai su samu wurin aiki tare

A da, ɗalibin da aka ba aikin bincike dole ya taka zuwa laburare, ya bi kanta bayan kanta yana neman littafi. Yau mafi yawan mujallun kimiyya suna intanet, ana sauke su a waya ko kwamfuta daga ɗakin kwana. To me ya rage wa laburare ya yi?

Jami'ar Georgia Tech da ke birnin Atlanta a Amurka, wadda ta yi suna a fannin injiniyanci da kimiyyar kwamfuta, ta fuskanci wannan tambaya kai tsaye. Amsar da ta bayar ta ba mutane da dama mamaki: ta fitar da kusan dukkan littattafanta daga ginin, ta mayar da wurin na ɗalibai.

Ginin da aka yi domin takarda

Babban laburaren jami'ar gini biyu ne a haɗe. Akwai Price Gilbert da aka buɗe a 1953, sai dogon benen Crosland Tower na 1968. Shi Crosland domin ajiye littattafai aka gina shi tun farko, shi ya sa aka lulluɓe shi da jan bulo, tagoginsa 'yan kaɗan. Dalilin a fili yake: hasken rana yana lalata takarda.

Sai dai abin da ya dace da littafi bai dace da mutum ba. Ɗalibin yau yana shigowa da waya da kwamfutar tafi-da-gidanka, yana neman soket, da Wi-Fi mai ƙarfi, da teburin da mutum biyar za su zauna su yi muhawara ba tare da an ce su yi shiru ba. Babu wanda ya yi tunanin waɗannan a 1968.

Ina aka kai littattafan?

Ba zubar da su aka yi ba. Georgia Tech ta haɗa kai da maƙwabciyarta Jami'ar Emory suka gina rumbun ajiya guda, wanda aka buɗe a 2016. A cikinsa ana riƙe sanyi a kusan maki 13 na ma'aunin Salshiyos, da ƙarancin laima, yanayin da ke sa takarda ta daɗe ba ta lalace ba.

Tsarin ajiyar zai burge duk mai sha'awar manhaja. Ba bisa fanni ake jera littattafan ba, bisa girmansu ake jerawa, domin kada a yi asarar wuri. Kowane littafi da akwatin da yake ciki suna da lamba mai zane-zane irin wadda ake gani a jikin kayan kanti, kuma kwamfuta ce ta san inda kowanne yake. Kantocin suna da tsayi ƙwarai, sai da injin ɗagawa ma'aikaci ke kaiwa sama. Ɗalibi zai nemi littafi ta shafin laburaren a wayarsa, a ɗauko, a kawo masa jami'a da mota.

Abin da ya maye gurbin kantocin

An sake buɗe Crosland Tower a watan Janairun 2019, daga baya aka kammala gyaran Price Gilbert. An cire bulo mai yawa an sa gilashi, haske ya shigo. Yawan kujerun zama ya kusan ninkawa.

Akwai ɗakunan aikin rukuni da ake kama lokacinsu ta intanet, kamar yadda ake sayen tikitin jirgi. Amfanin irin wannan ɗaki ba boyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa yin aikin haɗin gwiwa. Mutum huɗu da ke rubuta manhaja ɗaya ba za su iya cunkushewa a kan ƙaramin allon kwamfuta guda ba. Amma idan akwai babban allo a bango da kowa zai haɗa na'urarsa, da farin allon rubutu da za a zana tsarin aikin, kuskuren da mutum ɗaya zai kwana yana nema sai abokinsa ya hango shi cikin minti biyar.

Laburaren kuma yana ba da aron na'urori kamar yadda yake ba da aron littafi: kyamara, kwamfuta, makirufo, har da caja. Akwai wurin naɗar sauti, da ɗakin da ake mayar da tarin alƙaluma zuwa zane mai sauƙin fahimta. Akwai ma wani sashe mai suna retroTECH inda aka tara tsofaffin kwamfutoci da na'urorin wasan gem, ɗalibai su taɓa su, su ga inda fasahar ta faro. Ga ɗalibin da ba shi da kuɗin sayen kyamara mai tsada, wannan aron shi ne bambanci tsakanin yin aiki mai kyau da haƙura.

Ba a manta da masu son kaɗaici ba. An ware wuraren shiru daban da na hayaniya, domin mai shirin jarrabawa da masu gardama kan zanen injin ba za su zauna lafiya a teburi ɗaya ba.

Ba kowa ne ya yarda ba

Wannan salo yana da masu suka, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Wanda ke yawo tsakanin kantoci yakan je neman littafi ɗaya ya ci karo da wani a gefensa wanda ya fi amfanar da shi. Akwatin bincike na intanet kuwa yawanci abin da aka rubuta masa yake kawowa. Masu nazarin tarihi da adabi sun fi jin wannan rashi, domin har yanzu aikinsu ya dogara da littafi sukutum, ba gajeriyar maƙala ba.

A Jami'ar Yale, a 2019, ɗalibai sun nuna adawa da shirin rage littattafan laburaren Bass domin ƙara wurin zama, har hukumar jami'ar ta sassauta yawan da za a kwashe. Abin da ya yi wa jami'ar injiniyoyi daidai ba lalle ne ya yi wa kowace jami'a ba.

Darasin da ke ciki

Abu mafi muhimmanci a aikin Georgia Tech ba gilashin ba ne, ba kuma manyan allunan ba. Shawarar ce: a duba abin da waya ta riga ta karɓe, a daina gasa da ita, a ba ɗalibi abin da ba za ta iya ba shi ba. Waya tana kawo bayani, amma ba ta kawo wutar da za a yi cajinta, ko kayan aiki masu tsada, ko wurin da za a zauna da abokan karatu a warware matsala.

Jami'o'in Najeriya, waɗanda asusun TETFund ke ba tallafin bunƙasa laburare, ba sai sun gina rumbu mai sanyi kafin su amfana da wannan tunani ba. Ɗaki ɗaya mai wutar sola, da soket a kowane teburi, da intanet mai aiki, da farin allo, da izinin yin magana, zai iya cika da ɗalibai tun safe har dare. Kafin a kashe ko sisi, ya kamata a fara tambayar su ɗaliban inda suke taruwa yanzu idan an ba su aikin rukuni, da abin da ke kai su can.