Sambuk: Jirgin da ya Ƙetarar da Takari

Kafin zuwan jirgin sama, mutumin Kankiya ko Kusada da ya yi niyyar Hajji yakan yi sallama da danginsa irin ta wanda ba ya sa ran komowa. Daga Kano yakan nausa Barno, ya ratsa Wadai da Darfur, yana tafe yana ƙwadago, har ya isa Sawakin a bakin Bahar Maliya. Tafiyar takan ci shekaru. A nan ne yake fara ganin jirgin da Larabawa ke kira sambuk.

Sambuk jirgin katako ne wanda a wancan zamanin ba shi da inji. Ƙaton ƙyalle mai kusurwa uku ake ɗaura masa a jikin doguwar sanda, iska ta tura shi. Saboda haka saurinsa da jinkirinsa duk a hannun iska suke. Tsakanin Sawakin da Jidda kimanin mil 200 ne, amma idan iska ta kwanta, sai ruwan sha ya ƙare tun ba a hango gaɓa ba.

Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, jama'a masu yawa sun yi hijira gabas. Da Turawan Ingila suka tsananta maganar fasfo da killace matafiya don binciken lafiya, sai talakan da ba shi da kuɗin jirgin hayaƙi ya koma ga sambuk, wanda kan tashi da dare a ɓoye, ya sauke mutane kudu da Jidda. Wasu sun halaka a teku, wasu kuwa an sayar da su, domin ba a haramta bauta a Saudiyya ba sai 1962. Alal misali, a kwatanta wannan da tafiyar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya sauke farali a 1921 ta jirgin hayaƙi, ya komo gida lafiya.

Abin lura shi ne, sambuk ya fi kai mutane da komo da su. Wanda ya ƙarar da guzurinsa wajen ƙetarawa ba shi da na komowa, sai ya zauna, ya hayayyafa. Daga irin waɗannan ne aka sami Hausawan Makka da Madina da ake kira Takari. Wanda duk zai rubuta tarihin ƙaura daga ƙasar Katsina, lalle ne ya ba wannan jirgi nasa babi.