Ingancin Makarantun Firamare na Gwamnati a Ƙaramar Hukumar Igabi: Yawan Ɗalibai da Matsalar Karatu

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da ake batun ci gaban ilmin firamare a ƙasar nan, hujjar da hukumomi suka fi kawowa ita ce yawan yaran da aka rubuta sunayensu da yawan azuzuwan da aka gina. Wannan maƙala ta ɗauki Ƙaramar Hukumar Igabi ta Jihar Kaduna a matsayin misali, domin bayyana dalilan da kan sa makaranta ta cika maƙil da yara, amma yaro ya shekara uku yana zuwa bai iya haɗa baƙi da wasali ba. Ma'aunin da aka riƙa a nan shi ne iya karatu da rubutu, domin kuwa sauran darussa duka a kansu suka dogara.

2.0 Yanayin Yankin

Igabi, wadda hedikwatarta ke Turunku, tana da mutane sama da 430,000 bisa ƙidayar 2006. Ta haɗa unguwanni masu cunkoso da ke gefen birnin Kaduna, irin su Rigasa da Rigacikun, da kuma ƙauyukan manoma da rugagen Fulani. Saboda haka matsalar makarantunta iri biyu ce. A gefen birni yara sun fi ƙarfin azuzuwa da malamai, a karkara kuwa malami kan yi nauyin zuwa, yara kuma su ragu da zarar damina ta kankama. Da gwamnatin jihar ta fara ciyar da ɗalibai a 2016, yara sun yi tururuwa zuwa makarantu, har aka riƙa buga misali da firamaren Rigasa wajen cunkoso, inda ɗalibai suka kai dubbai. Manufar Ilmi ta Ƙasa, bugun 2004, ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35. Malamin da ke gaban yara ninkin wannan adadi ba zai iya sauraren karatun kowane yaro ba, balle ya duba rubutunsa. Abin da ya rage masa shi ne ya faɗa su amsa baki ɗaya, kuma da haka ne hadda kan ɓoye rashin iya karatu.

3.0 Tsarin Gudanarwa

Tun bayan ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, ragamar waɗannan makarantu ba ta daɗe a hannu ɗaya ba. An kafa hukumar ilmin firamare ta ƙasa a 1988, aka rushe ta a 1991 aka miƙa makarantun ga ƙananan hukumomi, sa'an nan aka sake kafa ta a 1993. A 1999 aka ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya, wanda dokar 2004 ta ware masa kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, bisa sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓi tallafin gine-gine. Sakamakon haka, tarayya ke tallafa wa gini, hukumar jiha ke ɗaukar malamai, albashi kuma daga kason ƙaramar hukuma yake fita, alhali Sakataren Ilmi da masu duba makarantu, waɗanda su ne kusa da aji, su ne mafi ƙarancin iko da abin aiki. Kowane ɓangare yana da lissafin da yake gabatarwa, na gini ko na albashi, amma ba a ɗora wa kowa alhakin tabbatar da cewa ɗan aji uku ya iya karatu ba.

4.0 Malamai

A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 na jihar jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, inda 21,780 suka kasa samun maki 75 cikin 100. An sallame su, duk da yajin aikin da ƙungiyar malamai ta shiga a farkon 2018, aka ɗauki sababbi. A 2022 kuma aka sake sallamar 2,357 bayan wata jarrabawar. Wannan mataki ya fito da girman rauni fili, sai dai jarrabawar ta auna abin da malami ya sani ne, ba ta auna iya koyar da shi ba. Koyar da karatu ga ɗan shekara shida fanni ne mai zaman kansa, wanda ya ƙunshi sanin sautin baƙaƙe da ginin gaɓa da yadda ake jan yaro daga kalma zuwa jimla. Mai takardar shaidar malanta ta ƙasa yana iya cin jarrabawa da kyau, bai taɓa samun wannan horo ba.

5.0 Harshen Koyarwa

Manufar Ilmi ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsa. A Igabi wannan harshe Hausa ce, domin har 'ya'yan Gwari da na Fulani da yawa suna jin ta. Abin da ya zama ruwan dare a azuzuwa kuwa shi ne littafi da allo da Ingilishi, bayani da Hausa, ta yadda yaro ba ya samun karatu a ko wane ɗaya daga cikin harsunan biyu. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarbanci ba su gaza takwarorinsu ba, har a darasin Ingilishi. Rubutun Hausa na boko yana da wata fa'ida, wato kusan kowane baƙi sauti ɗaya yake wakilta, don haka yaro kan kama shi da wuri, ya kuma ɗauki dabarar zuwa wani harshe. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a koyar da harshen uwa a shekaru shida na firamare, amma a 2025 Ministan Ilmi ya ba da sanarwar soke wannan manufa. Irin wannan sauyi yana sanyaya guiwar masu wallafa littattafai da masu horar da malamai.

6.0 Kammalawa

An ga cewa cunkoso da rarrabuwar alhaki da ƙarancin horon malamai da rashin tsayayyen harshen koyarwa duk sun taru a wuri ɗaya, wato azuzuwan farko. Gyara mafi kusa yana hannun hukumar ilmi ta ƙaramar hukuma: ta tura ƙwararrun malamai aji ɗaya zuwa uku, ta ware lokacin karatun Hausa kullum da littafi a hannun kowane yaro, sa'an nan a ƙarshen kowane zango a saurari karatun 'yan aji uku ɗaya bayan ɗaya, a sanar da iyaye da kwamitin makaranta sakamakon. Talakan da ba shi da halin kai ɗansa makarantar kuɗi, wannan sakamako ne kaɗai zai nuna masa ko shekarun yaron suna tafiya a banza.